Kallon Taurari A Kan Tudun Jos

Wanda ya taso daga Akwanga ya nufi Jos ba ya bukatar a gaya masa sa'ad da ya shiga ƙasar tudu. Mota takan soma nishi a Hawan Kibo, hanya ta riƙa murɗewa, kunnuwa su toshe, sa'an nan iska mai sanyi ta shigo ta taga. Da an gama hawan sai ƙasa ta buɗe. Fili ne fetal, ciyawa gajeriya, itatuwa jefi-jefi, ga manyan duwatsu wani bisa wani kamar da hannu aka ɗora su, irin waɗanda matafiya ke tsayawa kallo a Riyom. Gonakin acca da na dankalin Turawa suna kewaye da shingen ƙyarana. Nan da can kuma akan ga tafki mai zurfi kusa da tulin jar ƙasa, watau ramukan da masu haƙar kuza suka bari. Birnin Jos kansa yana bisa tsayin wajen mita 1,200 daga fuskar teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun haura mita 1,800.

Galibin baƙi sanyi ne ke kawo su. Mu sararin sama ne ya kai mu, a tsakiyar watan Nuwamba na 2023. Wanda ke kan tudu ya riga ya bar wani kashi na iska mai nauyi da tururi a ƙarƙashinsa. Damina takan ɗauke a Oktoba ta bar sama wankakkiya, hazon hunturu kuwa ba ya yin kauri sosai sai Disamba da Janairu. Tsakanin nan akwai 'yan makonni da mai son taurari ba ya so su wuce shi. Akwai kuma wata riba da mu mutanen wannan yanki muke da ita ba tare da mun biya ko kwabo ba. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, duniyoyin da ke kewaya rana sukan bi ta bisa kanmu. A watan nan mutumin Landan bai ga Zuhal, duniyan nan mai zobe, ta haura digiri 26 daga bakin sama ba, amma a Jos ta kai wajen digiri 67. Abin da ke can sama kuwa haskensa iska kaɗan yake ratsawa kafin ya iso ido.

Abin da muka je warwarewa ƙarami ne, amma akwai kuɗi a ciki. Muna da na'urar hangen taurari irin mai madubi a gindi, bututu ne mai faɗin baki milimita 150, yana zaune a kan akwatin katako mai juyawa. A gefen bututun, kusa da baki, akwai wurin da ake cusa wani ɗan gilashi mai kama da kwalbar turare, a nan ne ake kafa ido. Mu a gida maleƙi muke ce da shi. Ana cire shi a sa wani, kowane kuwa da irin girman da yake nunawa. Namu guda 2 ne suka zo tare da na'urar, ɗaya an rubuta masa 25, ɗaya 10. Muna so mu ƙara na uku domin kallon duniyoyi kusa-kusa. Ba kasafai ake samun irin wannan kaya a kantunanmu ba, sai an aika ƙasashen waje, kuɗinmu kuma na guda ɗaya ne tak. In ya iso bai yi ba, ba mai mayar da shi. Saboda haka muka ari guda 4 daga wurin wani abokinmu domin mu gwada su tukuna, gama gani ya kori ji.

Muka sauka a wani ƙauye kudu da Bukuru, wajen hanyar Vom, a gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Wutar lantarki ba ta kai unguwarsu ba, abin da ya dame su ke nan shekara da shekaru, mu kuwa shi ne ya jawo mu. Ba mu shiga daji ba. A wannan zamani mai hankali ba ya yawon dare a bayan gari. Bayan gidan akwai wani fili inda aka cire dankali, a nan muka kafa kayanmu. Tun da rana Baba ya je ya shaida wa mai unguwa da maƙwabta, kada wani ya hango bututu cikin duhu ya zaci wani abu ne dabam. Duk wanda zai yi irin wannan kallo a baƙon wuri ya yi haka.

Ashe Baba ma yana da tasa na'urar. 'Yarsa ce ta sayo masa, ƙarama ce mai gilashi a baki, faɗinta milimita 70, tana kan ƙafa 3 marasa ƙwari. Ya fito da ita cikin kwalinta, ya nuna mana inda aka buga da manyan haruffa cewa tana ƙara girman abu sau 525.

"'Ya'yana, ku duba mini ita," in ji shi. "Na haɗa ta yadda takarda ta ce, na nufi wata, ban ga kome ba sai wani abu dishi-dishi yana rawa. Ban gaya wa yarinyar ba, kada ranta ya ɓaci. Ina jin lalatacciya aka sayar mata."

Muka ce, "Baba, a bari dare ya yi. Wataƙila na'urar lafiya take, kwalin ne ya yi ƙarya."

Kafin duhu ya sauka bari mu yi ɗan lissafi tare da masu karatu, gama duk maganar a kansa take, kuma yaron aji 5 zai iya shi. Kowace na'ura tana da lambobi 2 a jikinta. Ta fari ita ce faɗin baki. Ta biyu ita ce nisan da haske ke tafiya daga madubi ko gilashin baki zuwa inda yake tattaruwa wuri ɗaya. A tamu nisan nan milimita 1,200 ne. In kana so ka san girman da maleƙi zai ba ka, sai ka raba wannan nisa da lambar da ke jikin maleƙin. Mai lamba 25 yana ba mu sau 48. Mai 10 yana ba mu sau 120. Mai 6 sau 200, mai 4 kuwa sau 300. Watau ƙaramar lamba ita ke da babban girma. Maleƙi kuma ba shi da girman kansa. Mai lamba 10 ɗin nan da ya ba mu sau 120, in aka sa shi a na'urar Baba mai nisan milimita 700, sau 70 kaɗai zai bayar. Don haka wanda ya tambayi mai kanti, "Wannan sau nawa yake yi?" bai yi tambaya ba tukuna, sai ya faɗi na'urar da za a sa shi.

To, daga ina aka samo 525? A cikin kwalin Baba akwai maleƙi mai lamba 4. In ka raba 700 da 4 ka sami 175. Akwai kuma wani ɗan bututu da ake kira Barlow, sunan wani Bature ne na Ingila da ya ƙago shi wajen 1830 da 'yan kai, ana sa shi kafin maleƙi ya riɓanya girma. Na Baba mai riɓi 3 ne. Sau 3 na 175 shi ne 525. Lissafin daidai ne. Abin da kwalin bai faɗa ba shi ne ido ba zai ga kome ba.

Dalilin yana ga lambar fari, faɗin baki. Ita ce ke tara haske, kamar yadda daro ya fi kwano tara ruwan sama. Ita ce kuma ke yanke iyakar ƙananan abubuwan da za a iya rarrabewa. Maleƙi ba ya ƙara ko ɗigo a kan abin da baki ya tara, shimfiɗa shi kawai yake yi. Duk sa'ad da ka ninka girma sau 2, hasken hoton yakan ragu ya koma kashi ɗaya cikin 4. Uwargida ta san wannan a wajen koko. In aka yi ta ƙara ruwa ƙwarya za ta cika, amma gasarar tana nan yadda take. Masu wannan sha'awa sun daɗe da samun ƙa'ida: ka ninka faɗin baki na milimita sau 2, iyakarka ke nan. Ta Baba iyakarta sau 140. Tamu sau 300. Abin da ya wuce haka girman banza ne.

Daren Jumma'a, 17 ga wata, iska ta taso daga gabas tun magariba. Mun fito da bututunmu waje tun rana ba ta faɗi ba, gama madubin gindi yana bukatar wajen minti 40 ko fiye ya huce ya yi daidai da sanyin waje. In bai huce ba ɗumin da ke tashi daga gare shi cikin bututu shi kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Mun kuma guji kafa shi a kan fa, ko da yake nan ne wuri mafi daɗin zama. Dutsen tudun nan yakan sha rana yini guda, ya kwana yana fitar da zafi. Haka rufin kwano, haka murhu. Duk wanda ya taɓa ganin kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana ya san abin da iska mai ɗumi ke yi wa gani.

Da na'urar Baba muka fara. Muka ajiye Barlow da mai lamba 4 a gefe, muka sa namu mai lamba 25, wanda ya ba da sau 28. Muka rataya jarkar ruwa a tsakanin ƙafafun domin ta daina rawa. Jinjirin wata ɗan kwana 4 yana yamma. Baba ya sunkuya ya kafa ido, ya yi shiru har muka zaci bai gani ba. Can sai ya ce, "Kai! Ashe ramuka ne a jikinsa kamar na 'yan kuza." Ya kira Mama daga madafa. Da muka sauya zuwa mai lamba 10 muka juya kan Zuhal, sai ga ta 'yar ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, amma tsaf, zoben ya fita sarai. Domin ya ga bambanci muka mayar masa da kayan kwali. A sau 525 hasken ya ragu fiye da sau 50, abin ya zama tabo mai duhu, kuma ba ya yin sakan 20 sai ya fice daga fili. Na'urar ba ta da laifin kome.

Kada mai ƙaramar na'ura ya raina ta. A Janairu na 1610 Galileo ya ga watanni 4 na Mushtari, babbar duniyar da Turawa ke kira Jufita, da na'urar da ke ƙara girma wajen sau 20 kawai. Huygens na ƙasar Holan ya gano Titan, babban watan Zuhal, a 1655 da wajen sau 50. Ta Baba ta fi nasu duka kyau nesa ba kusa ba.

Sa'an nan muka koma kan tamu. A sau 120 Zuhal ta yi kyau, ga Titan a gefe kamar ɗigon gishiri. Muka sa mai lamba 6, sau 200. Ta ƙara girma, amma sai ta riƙa motsi kamar kwabon da ke ƙarƙashin ruwan rafi. A sau 300 kuwa abin ya zama kunu. Muka ɗaga kai muka dubi taurari da ido, sai muka ga suna ƙyaftawa da sauri, har waɗanda ke can tsakiyar sama. Wannan ita ce alama. Yara sukan so daren da taurari ke walƙiya haka, amma ga mai na'ura mugun dare ne, gama ƙyaftawar nan ba daga tauraro take ba, iska ce mai ɗumi da mai sanyi ke cakuɗa a sama suna karkatar da haske. Maleƙi mai ƙarfi yana ƙara girman wannan rawa daidai da yadda yake ƙara girman duniyar. A irin wannan dare, ko maleƙin da ya fi kowane tsada a duniya ba zai wuce abin da mai lamba 10 ya nuna mana ba.

Muka haƙura da manyan lambobi, muka koma kan abubuwan da ba su son girma. Kaza da 'Ya'yanta ta riga ta hau sama sosai. A sau 48 ma ba ta shiga filinmu duka ba, sai mun riƙa zagawa. A na'urar Baba a sau 28 ta fi kyau, 'yan tsakin da ido ke ƙirga 6 ko 7 suka zama gommai. Da yawa daga cikin kyawawan abubuwan sama haka suke. Sanyi ya kore mu wajen ƙarfe 11. Mama ta dafa mana shayi, muka kwanta da bargo 2 kowa.

Ranar Asabar da rana muka zauna a inuwa muka jera maleƙan a kan tabarma, Baba yana juya su ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen goro. A nan ne ya yi tambayar da ta fi amfani. Ya ɗauki guda 2, ya ce, "Wannan 6, wannan ma 6. Me ya sa ɗaya ya fi ɗaya girma, ya kuma fi shi tsada?"

Girman da suke bayarwa ɗaya ne, sau 200. Bambancinsu abu 2 ne. Na fari, tazarar da ido zai tsaya daga gilashi ya ga fili duka. Ƙaramin irin wanda aka rubuta wa Plössl ne, sunan wani maƙerin gilashi na ƙasar Ostiriya da ya tsara shi a 1860. Irinsa yana da kyau, yana da araha, kuma a lamba 25 ko 15 ba shi da abin zargi. Amma tazarar idonsa takan ragu tare da lambarsa. A lamba 6 ba ta wuce milimita 4 ko 5 ba, sai gashin ido ya riƙa shafar gilashi yana barin maiƙo. Ramin leƙen kuma kamar na allura. Mai sa tabarau, kamar Baba, yana bukatar tazarar milimita 15 zuwa 20 in zai leƙa da tabaronsa. Babban kuwa an ƙara masa gilasai a ciki domin ido ya tsaya nesa, wajen milimita 15. A gidan da tsofaffi da yara za su riƙa layi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro ba ya iya riƙe kansa cik a bakin ramin allura.

Na biyu, faɗin fili. Duniyarmu tana juyawa, sama kuma tana tafiya yamma digiri 15 kowace awa. Ido ba ya lura, amma a sau 200 abin yana gudu a fili. Plössl yana nuna da'ira mai faɗin wajen digiri 50 ga ido. In ka raba 50 da 200 ka sami rubu'in digiri na ainihin sama, watau rabin faɗin wata. Mushtari tana ratsa wannan cikin minti ɗaya. Babban maleƙin yana da digiri 66, yana ba da wajen minti ɗaya da sakan 20. Wani zai ce sakan 20 me ne ne? Ga na'ura irin tamu da ake turawa da hannu, shi ne lokacin da uba zai kauce ɗa ya matso ya sami wurin ido. Akwai masu digiri 82, waɗanda aka soma yi a Amurka a farkon shekarun 1980, amma ɗaya daga cikin nagarinsu yana iya cin kuɗin ƙaramar na'ura sukutum. Ba mu ga dalilin haka ga mai kallo a bayan gida ba.

Na cikin kwalin Baba an rubuta musu H da SR. Tsofaffin tsari ne, na H tun zamanin Huygens yake, gilashi 2 kaɗai ke ciki, filinsu ƙunci ne. Su ake zubawa a kayan araha. Abin da ya taimaki Baba shi ne ramin na'urarsa mai faɗin inci ɗaya da rubu'i ne, wanda yawancin maleƙan kirki ke shiga. Akwai waɗansu na'urori masu ramin da bai kai inci ɗaya ba, waɗannan samo musu maleƙi nagari wuya ne. A auna ramin kafin a aika da kuɗi.

Cikin kayan wasu na'urorin araha akan sami wani ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gindin maleƙi, wai don kallon rana. Iyaye, in kun gan shi ku jefa shi a masai. Zafin da na'ura ke tarawa yana iya fasa shi farat ɗaya, ido kuwa ya ƙone nan take, ba magani. Kada a bar yaro da na'ura a waje da rana ko na minti ɗaya.

Da yamma iska ta kwanta. Wani siririn hazo ya sauko, duwatsun nesa suka yi fari-fari, rana ta faɗi ja wur. Baba ya dubi sama ya ce yau kam mun yi hasara. Amma da duhu ya yi sai muka ga taurari sun tsaya cik kamar an kafa su da ƙusa. Hazo mara kauri yana rage haske, yana ɓoye abubuwa masu dishi-dishi, amma wata da duniyoyi suna da hasken da ya ishe su. Abin da suke so shi ne iska mai natsuwa.

Wannan dare shi ne ya biya kuɗin mota. A sau 200 Zuhal ta tsaya kamar zane. A gefe biyu na zoben, inda ya fi faɗi, muka ga wani baƙin layi siriri kamar gashi, shi ne ratar da Cassini ya gano a Faris a 1675. Ba kullum take bayyana ba. Sai ka zauna ka kafa ido, iska ta ɗan motsa ta ɓace, ta natsu ta dawo. Wanda ya leƙa na sakan 5 ya tashi ba zai gan ta ba. Kujera a nan ta fi wani sabon gilashi amfani. A wata kuwa, daidai bakin inda haske ya haɗu da duhu, rana tana fitowa a kan wani rami da ake kira Tiyofilas, faɗinsa wajen kilomita 100, kaɗan ya rage ya kai nisan Jos zuwa Bauchi. Cikinsa baƙi ƙirin, amma ƙwanƙolin duwatsun da ke tsakiyarsa ya kama haske. Jikan Baba, ɗan shekara 9, ya ƙi tashi daga wurin. "Kaka, bari in ƙara kaɗan," yake ta cewa, har abin ya fice masa daga fili ya soma kuka wai an ɗauke.

Mushtari ta yi kusa da duniyarmu a farkon watan nan, saboda haka tana da girma ƙwarai. A irin wannan lokaci sau 40 ma ya isa ya nuna ta daidai girman da ido ke ganin wata. A sau 120 ga ɗamara 2 masu ruwan ƙasa sun ratsa ta, ga watanninta a jere, sun sake wuri daga inda muka bar su jiya. A sau 200 gefen ɗamarun ya daina zama miƙaƙƙen layi, aka soma ganin kumburi da lotsawa. Muka sa Barlow mai riɓi 2 a gaban namu mai lamba 10, ya ba da sau 240. Wani lokaci ya yi kyau, wani lokaci ya yi laushi. Muka sa mai lamba 4. A sau 300 ta cika ido, babu shakka, amma ba mu ga ko abu ɗaya da ba mu gani a sau 200 ba. Launi ya koɗe. Waɗansu zare-zare kuma suka riƙa yawo a kan hoton. Waɗannan a cikin idon mutum suke. A iyakar girma hasken da ke fitowa daga maleƙi kaurinsa rabin milimita ne kawai, siririn haske haka yakan nuna 'yan gurɓace-gurɓacen da ke cikin ruwan ido, musamman ga manya. Baba ya fi kowa kuka da su.

Wajen ƙarfe 11 Mushtari ta hau daidai tsakiyar kai, bututu ya miƙe tsaye kamar turmi. A nan irin na'urarmu takan yi taurin kai, gama juya ta kaɗan ba ya bin inda ake so. Muka bar ta, muka jira ta gangara.

A kan shayi muka yanke shawara. Mai lamba 4 ya fita, domin a dare mafi kyau da muka samu bai ƙara kome ba, irin wannan dare kuma ba ya zuwa sau da yawa a shekara. Masu daɗewa a wannan sha'awa sukan ce yawancin darare iska ba ta barin a wuce sau 150 zuwa 200, kome girman na'ura, abin da muka gani kuma bai saɓa wa haka ba. Barlow ya ba mu wuyar zaɓi, gama da shi maleƙi 2 sun zama 4, kuma tazarar ido ba ta raguwa. Amma lambobin da zai ba mu su ne 96 da 240. Na fari ya yi kusa da 120 da muke da shi, na biyu ya ɗan wuce abin da iska ke yarda. Da maleƙanmu 25 da 12 ne, da shi za mu saya. Ƙaramin mai lamba 6 ya fi araha, hotonsa kuma bai gaza na babban ba ko kaɗan, mai kallo shi kaɗai wanda ba ya sa tabarau zai iya ɗaukarsa ya ajiye canji. Mu gida guda muke kallo. Muka tsaya a kan babban mai lamba 6.

Baba kuwa muka rubuta masa a takarda abin da zai gaya wa 'yarsa: na'urar lafiya lau take, a sayo Plössl mai lamba 25 da mai lamba 10, masu inci ɗaya da rubu'i. In daga baya yana son ƙari, mai lamba 6 zai ba shi wajen sau 117, kada ya wuce nan. Muka kuma nuna masa yadda ake tsare su daga ƙurar hunturu, wadda ita ce babbar abokiyar gābar gilashi a ƙasarmu. A mayar da murfi da zarar an gama, a ajiye su cikin gwangwani mai rufi. In ƙura ta hau, a hure ta da ɗan famfon roba tukuna. Kada a goge da bakin riga, gama ƙurar nan tana da yashi a ciki, tana karce gilashi.

Da asuba, kafin mu ɗaure kaya, Gamzaki yana gabas yana haske kamar fitila. Baba da kansa ya saita na'urarsa a sau 70, ya ga ashe ba dunƙulallen tauraro ba ne, siffar wata gare shi wanda ya ɗan wuce rabi. Wanda zai nemi Zuhal yanzu kada ya yi tsammanin ganin zoben yadda muka gan shi. A Maris na 2025 ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, abin da ke faruwa wajen kowace shekara 15. Daga nan yake sake buɗewa kaɗan-kaɗan, zai kai iyakar buɗewarsa wajen 2032, ratar Cassini kuma za ta riƙa sauƙin gani kowace shekara har zuwa lokacin.